Malafa a Kan Fitila

"Amin, wa alaikumus salam. Muryar wa nake ji kamar ta mijin nan nawa da ba ya ciyarwa, ba ya tufatarwa?"

"Shi ne da kansa, Amarya. Na same ku lafiya?"

"Mu wa? Ni da wa? In kaji kake nufi ga su can, je ka gaishe su da bakinka."

"To ya jiki, ya ƙafar?"

"Ƙafa tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko tana da rabon taka takalmin da ka yi mata alkawari, ko sai an auna ta da likkafani."

"Wa ke saya wa ƙafar da ba ta zuwa ko'ina takalmi?"

"Wanda ya gaji arziki. Zauna, dogon banza, ka tare mini iska."

Kaka ce zaune a kan tabarma a gefen inuwar mangwaro, tana ɓarar gyaɗa cikin ƙwarya. Mai sallamar kuwa jikanta ne, Dogo, mai gyaran babura a gari, ya shigo da ƙura har gwiwa. Tun yana rarrafe take kiransa mijinta, shi kuma tun da ya iya magana bai taɓa barin tata ta faɗi ƙasa bai ɗauka ya mayar mata ba.

Gidan shi ne na ƙarshe a ƙauyen, katangarsa ta gaba ma rabi ta zube. Daga nan sai gonaki, daga gonaki sai daji, wayar lantarki kuwa ko labarin wurin ba ta taɓa ji ba. In wata ya ɓuya, mutum kan miƙa hannunsa ya rasa inda ya ajiye shi. Maƙwabta sun watse ɗaya bayan ɗaya, wasu gari, wasu kabari, aka bar Kaka da kaji da akuya guda mai taurin kai irin nata.

Kwanakin baya ta fita cikin duhu duba akuyar, ta ci karo da turmi, ta kwana a tsakar gida da targaɗe har gari ya waye. Ɗanta, baban Dogo, ya rantse cewa ranar da ya sake zuwa ya tarar da gidan nan cikin duhu, ranar zai sa ta a mota ya danna wa ƙofar kwaɗo. Kaka ta ce sai dai a sa gawarta. Dogo ne ya raba gardamar. Ya sayo fitilar nan mai shan hasken rana, ya kafa ta a kan dogon ƙarfe tsakanin ƙofar gida da ɗakin Kaka. Tana da faranti a ka wanda ke tara rana, da wani ɗan ido a ƙasa. In ta ga motsi ta kama, in motsi ya ɗauke ta mutu.

Sai dai tun da aka kafa ta ba ta yi lafiya ba. Kullum saƙo na iske Dogo ta bakin mai sayen ƙwai cewa fitila ta mutu. Ya hau babur ya zo, ya kwance, ya ɗaura, ya rasa cutar. Ta ɗan farfaɗo, yana juya baya ta sake sheƙawa. Yau ya zo ne a yi ta ta ƙare, domin babansa na nan tafe ƙarshen mako, shi kuma jibi zai bar ƙasar neman aiki. Baburin ma ya sayar saboda tafiyar, shi ya sa ya tako da ƙafa tun daga bakin titi. Kaka ba ta san da zancen ba, ko in ce shi dai bai faɗa mata ba.

Bai zauna ba. Ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen, ya daɗe yana dubawa.

"Amarya."

"Na'am."

"Wane dattijo ne wancan a sama?"

"Wane sama?"

"Kan ƙarfena. Mai malafa."

Kaka ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta kamar da akuya ake magana. A kan farantin fitilar kuwa ga wata tsohuwar malafa zaune daram, ta rufe shi ruf, igiyar haɓa tana lilo.

"Au, wannan? Baƙuwar da ka kawo mini ce na yi wa sutura."

"Malafar marigayi ce fa, tsohon da na gaje ki a hannunsa."

"Ka gaji wa? Shi ko a kabari ya fi ka amfani, ga malafarsa tana aiki. Kai me ka mallaka da za a rataya?"

"Me take yi a kan fitila?"

"Inuwa. Ku 'yan zamani ba ku da imani. Ka kawo baiwar Allah ka shanya ta tun safe har yamma kamar barkono, ko ruwan sha ba ka ajiye mata ba."

"Ranar ce abincinta, tsohuwa."

"Dama na sani. Duk abin da ya shiga hannunka haka yake ƙarewa. Ni ka bar ni ina cin iska, ita ka bar ta tana cin rana."

"Wa ya ɗora mata?"

"Iska."

"Iskar ce kuma ta jingine gorar tsinkar mangwaro a jikin ƙarfen?"

"Iskar gidan nan mai hankali ce, ba irin taku ta gari ba."

Dogo ya dafe kai, ya zauna a kan turmin nan mai laifi.

"Yanzu duk zaryar da nake yi, ashe ke ce cutar. Na canza batir. Na canza waya. Na je na yi wa mai shago tas a gaban jama'a, na ce gawa ya sayar mini, bawan Allah har ya kusa hawaye. Alhakinsa a wuyanki."

"Ni na aike ka? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

"To me ya sa duk zuwan da nake yi ban taɓa ganin malafar ba?"

"Wannan baburin naka ai tun daga rafi yake shelar zuwanka, yana kuka kamar akuya mai naƙuda. Kafin ka iso na sauke, na rataye, har na sha ruwa. Yau ne ka shigo mini sumumu kamar ɓarawon kaji."

"Ashe da gaske ne, rashin sani ya fi dare duhu."

"Wanda ya faɗi haka bai kwana a gidan nan ba."

"Bar wasa, Amarya. Baba na zuwa ƙarshen mako, kuma kin san shi, da magariba zai iso don ya gani da idonsa. In ya tarar da duhu, ko kajin nan ba zai bari ki yi wa sallama ba."

"Ni na haife shi."

"Shi ya sa ya kwaso taurin kan. Ɗakin nan na bayan kicin yana nan, an share miki shi."

"Kada ka kira mini wannan akurkin. Taga ɗaya, ita ma bangon wani take kallo. Na zauna a cikinsa lokacin ciwon ido, ƙannenka na tsallake ni kamar buhu, kowa da waya a hannu. Uwarku ta ce in na gaji da zama in kwanta, in na gaji da kwanciya in zauna."

"To kin ƙi ɗaki, kin ƙi fitila. Me kike so?"

"Miji nagari. Allah bai ba ni ba."

"Ya ba ki, kika sa wa kyautarsa malafa."

"Kyautar tonon asiri? Da, in dare ya yi ni budurwa ce, babu mai ƙaryata ni. Yanzu ina fitowa sai ta haske ni fal, duk tamoji a fili, har akuya ta daina ganin girmana."

"Akuya ta daɗe da sanin shekarunki. Kowa ya san kina nan aka yi ginin duniya, ke kika riƙa miƙa laka."

"Sannan ga ƙwari. Duk wani mai fiffike da ke dajin nan ka gayyato mini shi biki."

"Kaji sun samu kalaci, ki gode mini."

"Ga kuma babbar. Mutuwa ta daɗe tana neman gidan nan, duhu ke ɓatar da ita. Ta sha wucewa ta ɗauki na gaba. Kai kuma don ka gaji kajina, ka je ka kafa mata alama."

"Ko ta gane gidan, in ta ji bakinki za ta ce sai wani jiƙon."

Suka yi dariya, amma gajera. Dogo ya san kakarsa. In ta jero dalilai da yawa haka, to na gaskiyar yana ƙasa ta zauna a kai, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Ya jawo ƙwaryar ya shiga taya ta ɓara, ya ja bakinsa ya yi gum, don ya san shiru ne kaɗai abin da ba ta iya jurewa.

"Fitilarka maƙaryaciya ce," in ji Kaka daga ƙarshe, ba ta ko ɗago ba.

"Ƙarfe ne da gilashi. Da wane bakin ta yi ƙaryar?"

"Da, in dare ya yi, ya yi ke nan. In ja ƙofata, na san babu mai zuwa, in yi addu'ata in kwanta. Duhu bai taɓa yi mini alkawarin komai ba. Yanzu ina kwance sai in ga haske ya shigo ta ƙasan ƙofa. Kai da bakinka ka ce ba ta kamawa sai ta ga mai motsi. Sai zuciya ta ce, tashi, ga wani ya zo. In lalubi ɗankwali, in lalubi sanda, in ja ƙafar nan har bakin ƙofa, ina gyara murya kada baƙo ya ce ya tashe ni daga barci."

"Sai ki ga wa?"

"Bushiya."

"Bushiya dai?"

"Ita da iyalanta. Wani lokaci muzuru. Rannan tun daga kan gado na ce a shigo, sannu da zuwa. Na fito na tarar akuyata ce ta tsinke igiya, tana kallona ina kallonta."

"Ashe ina can ina fama da baƙin mai, ke kina nan kina karɓar samari. Da bushiya za ki ci amanata?"

"Ta fi ka zumunci. Ba ta fashi."

"Bari in gamu da ita, sai na aske mata ƙayar nan."

"Wannan ma da sauƙi," in ji Kaka, ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta. "In na idar da magariba nakan fito nan in zauna, ka san ɗakin da zafi. Ina fitowa ta kama, kamar abin arziki. In zauna, in natsu, sai ta mutu. Ina ƙarƙashinta fa, da raina, ina numfashi. Sai na ɗaga hannu na kaɗa mata kamar mai korar ƙuda kafin ta yarda akwai mutum a gidan. In sauke hannu, ta sake mantawa."

"Haka aka yi ta, don kada batir ya..."

"Na san haka aka yi ta. Haka aka yi kowa. Babanka yana tunawa da ni in na faɗi. Gwaggwanninka suna tunawa da ni in an ce jiki ya tashi. Duk sai na yi motsi suke ganina, ban ce komai ba, 'ya'ya ne, kowa da abin da ya dame shi. Amma a ce har ƙarfen da aka kafa domina sai na roƙe shi? Ta san bushiya, ta san muzuru, ni ce ba ta ɗauka mai rai ba. Shi ne na ce to, ke ma zauna cikin duhun ki ji yadda ake ji."

Maganar ta yi wa Dogo nauyi, ni ma da nake ba da labarin ta yi mini. Ba don mugunta ya sayo fitilar ba, iyakar ƙaunar da ya iya ke nan. Haka muka koma duka, inda ƙafa ta kasa zuwa sai mu aika ƙarfe, mu ce mun sauke nauyi, alhali mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ya tashi ya ɗauko tsani a bayan ɗaki, don hawa sama ya fi masa sauƙi a kan kallon fuskarta.

Ya jingina tsanin ya hau, ya cire malafar ya sako mata ita ƙasa.

"A hankali," in ji Kaka, ta cafe. "Ta girme ka."

Ya goge farantin da hannun rigarsa. Rana ta riga ta yi ƙasa, ɗan abin da ya rage mata ya faɗa a kan gilashin.

"Akwai wani maɓalli a bayanta," ya ce daga sama. "In na danna, ta daina bin motsi. Za ta riƙa ci a hankali daga magariba har asuba, ko da mutum ko babu. Ba ƙarya, ba mantuwa. Baba ya zo ya ga haske, ya juya da motarsa. In danna?"

"Riƙe tsanin da kyau, ba ni da ƙarfin takaba."

"In danna, na ce?"

"Ina baburin?"

Hannunsa ya tsaya a kan maɓallin.

"Yana wurin gyara."

"Mai gyaran babur ya kai babur gyara. Wa ka kai wa, mai ɗinkin takalmi?"

"Taya ce ta..."

"Dogo. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle kai da tsani ka hau, tsanin ma nawa. Tun ranar da ka haƙa ramin ƙarfen nan na san inda aka dosa. Da ai kai ne fitilar. Kai ke zuwa ka cika mini tulu, ka ɗaure akuya, ka zuba kananzir, ka cinye mini ƙwai. Miji ba ya ɗaukar wa matarsa mai gadi sai in tafiya zai yi. Shi ne na ce bari in riƙa kashe mai gadin, ko maigidan zai ga ba a iyawa sai da shi."

Dogo ya juya ya zauna a kan matakalar tsanin, ya zuba wa gonaki ido.

"Aiki ya mutu, Kaka. Sai in wuni a gareji ban taɓa sufana ba. Wasu sun koma gyara da kansu, wasu sun jingine baburan saboda mai. Wani abokina ne ya samo mini wuri a wata ƙasa, inda ake gyaran injinan gona. Jibi ne."

"Kaka kuma? Yau ba Amarya? To an sake ni ke nan, daga kan tsani, ko shaidu babu."

"Ba saki ba ne. Neman na cefane zan je, ki daina yi mini gori."

"Gorin ai shi ne abincina. In ka tafi da shi me zan ci? Da nisa?"

"Da ɗan nisa."

"Nisan da ake zuwa jana'iza, ko nisan da ake aiko da gaisuwa?"

Kaji sun fara shiga akurki ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya tsaya kallonsu kamar bai taɓa ganin kaza ba. 

"To," in ji ta. "Gara da na tambaya."

"Ke da za ki binne mu duka," ya ce, murya ba daɗi. "Mutuwa ai ta daɗe da yin fushi da ke."

"Da can. Yanzu ka kafa mata fitila."

"Ki bi Baba mana, in zaman ya yi miki yawa. Can ko ba komai akwai mutane."

"Can fitila ba ta mutuwa dare da rana, kuma babu wanda ya gan ni. A yi gudun gara a faɗa gidan zago? Nan in na yi magana akuya takan waiwayo. Mangwaron nan kakanka ya dasa shi shekarar da aka haifi babanka, ga shi har yau bai ce mini zai tafi neman aiki ba."

"Shi ma da yana da ƙafa da tuni bakinki ya kore shi. To in danna?"

Kaka ta ɗaga kai ta dubi fitilar, ta daɗe tana dubawa, malafar na kan cinyarta.

"In ka danna, kowane dare zai zama ɗaya da ɗan'uwansa ke nan."

"Eh. Haske har safe."

"Ko an zo ko ba a zo ba."

"Eh."

"Babu abin da zai tashe ni."

"Ai abin da kike so ke nan."

"Wa ya gaya maka? Sauko. Bar ta da ƙaryarta."

"Ke fa kika ce..."

"Na ce, kuma ban janye ba. Maƙaryaciya ce, irin wanda ya sayo ta. Amma na zauna da maƙaryaci tun yana rarrafe, kullum gobe zai kawo takalmi, kuma ban kore shi ba. In ka tafi, ka kuma toshe mata baki, wa zai ce mini ga wani ya zo? Bar ta ta riƙa tashina. Wa ya sani, cikin bushiyoyin nan wata rana a samu doguwa mai warin baƙin mai."

Ba ta gaskata abin da ta faɗa ba, shi ma bai gaskata ba. Ita ta san shekarunta, shi ya san nisan, kuma babu wanda ya fi wani baƙin ciki a cikinsu. Ya sauko bai danna komai ba. Ya mayar da tsani, ya gangara da turmin can jikin katanga inda ƙafa ba ta bi, ya cika tulu, ya sake wa akuya igiya. Da ya gama sai ya ɗauki gorar ya saɓa a kafaɗa.

"Wannan da ita zan tafi."

"Ajiye mini gorata. Da haƙori zan tsinki mangwaro?"

"Wane haƙorin? To ki yi mini alkawari malafa ba za ta sake hawa sama ba. In Baba ya tarar da duhu, ba na nan balle in tare miki."

"Ba na yi wa miji mai gudu alkawari. Sunkuyo."

"In yi me?"

"Sunkuyo na ce, ko sai na hau tsanin?"

Ya ajiye gorar ya durƙusa a gabanta. Ta kakkaɓe malafar a gwiwa, ta kifa masa a ka, ta ja igiyar ta shiga ɗaurewa a ƙarƙashin haɓarsa. Ta daɗe a kan ɗaurin da bai kai ya ɗauki lokaci haka ba.

"An ce ranar can ba ta da mutunci," in ji ta. "Kakanka ya yi noma a ƙarƙashin malafar nan har ya koma ga Allah, gashinsa ko ɗaya bai zube ba."

"Da sanƙo fa na san shi, ƙuda ma zamewa yake."

"To ka ga abin da za ka gada. Aro ne, ba kyauta ba. Da hannunka za ka dawo mini da ita, ban yarda a aiko ba."

"In na tafi da ita, da me za ki rufe fitilar?"

"Shi ne ai. Ka ci, dogon banza. Ka raba ni da makamina, ka raba ni da mijina, duk rana ɗaya." Ta juye gyaɗar da suka ɓare a wani tsumma mai tsabta, ta ƙulle, ta tura masa. "Ungo, kada a ce matarka ta sallame ka hannu rabbana."

"Ko in kwana, in kama motar asuba?"

"Kada ka kwana. In ka kwana ma garin zai waye, ka sa ni sallama sau biyu. Tafi tun ƙafa na gane hanya."

Magariba ta riga ta kawo jiki, dajin ya fara haɗewa da sama. Dogo ya miƙe da malafa a ka da ƙullin gyaɗa a hannu, ya nufi ƙofa. Yana gifta ƙarfen sai fitilar ta kama, haske kaɗan, iyakar abin da ta samu ta sha na ranar yamma.

"Ka gani ko?" in ji Kaka daga kan tabarma, tana dariya har da tari. "Wawiya. Murna take yi, ta ɗauka zuwa ka yi."

Maganar ta faɗi ƙasa, bai iya ɗauka ba. Ya fita.

Sai da ya kai bakin gona sannan ya waiwaya. Fitilar ta mutu, gidan ya ɓace gaba ɗaya kamar ba a taɓa gina shi ba. Yana tsaye sai hasken ya dawo, ya hango ta ta inda katangar ta zube, 'yar ƙarama a kan tabarma, hannu a sama tana kaɗawa. Ya yi gaba, ya sake waiwayawa, har lokacin ba ta sauke hannun ba.